Riga ko Fuska? Tsabtar Hoto da Amanar Mai Kamara

Masu iya magana sun ce gani ya kori ji. An yi wannan karin magana ne a zamanin da mutum ba ya cewa ya gani sai ya taka da ƙafarsa ya je wurin. Yau kuwa yawancin abin da ɗan Dungas ya sani game da Makka ko Yamai ko Faransa, ta idon wani ya gan shi, shi ma wanin ta cikin gilashin na'ura ya leƙa. Saboda haka tambayar da ake yawan yi a shagunan masu ɗaukar bikin aure, wato wace kamara ce ta fi fitar da hoto, ta wuce zancen ciniki. A ƙarƙashinta akwai wata tambaya da ta shafi malamin makaranta da mai raya al'ada: shin hoton da ya fi tsabta shi ne ya fi gaskiya? In kuwa ba shi ba ne, mene ne ke sa hoto ya cancanci a yarda da shi?

A ƙaddara wata ƙungiyar raya al'adu a Dungas ta tara ɗan abin da ta tara, tana son adana abin da ya rage a bakin tsofaffi: waƙoƙin daka da na niƙa, kirarin ƴan kokawa, tarihin kafuwar garuruwa irin su Guci da Malawa da Dogo-Dogo, da hada-hadar fataken dabbobi masu tsallaka iyaka zuwa kasuwar Maigatari ran Alhamis. Da an zauna shawara, kai zai rabu biyu. Wasu za su ce a ɗauko ƙwararre daga Damagaram ko Kano da babbar kamararsa ya yi kwana uku, domin abin da za a bar wa jikoki bai kamata ya fito dishi-dishi ba. Wasu za su ce a sayi ƙaramar kamara, ko a yi amfani da wayoyin da ke aljihun samari, a yi ta ɗauka rani da damina, domin tsohuwa ba ta buɗe bakinta ga baƙon kwana uku. Kowane ɓangare yana da hujja. Kafin a yanke hukunci, ya kamata a san ainihin abin da ya raba na'urorin biyu.

Abin da ya raba babba da ƙarama

Abin da mai shago ke fara faɗa shi ne yawan ɗigo. Hoton bidiyo tarin ƙananan ɗigogi ne, kamar yadda adon aska takwas a gaban riga tarin sukar allura ne. Hoton talabijin na da, irin wanda aka saba gani a Tele Sahel, idan aka mayar da shi lissafi, ɗigo 720 ne a kwance, 576 a tsaye, jimla 414,720. Cikakken hoton da ake kira HD kuwa 1920 ne a kwance, 1080 a tsaye, jimla 2,073,600, wato ninki biyar. A da, wannan tsabta ta manyan gidajen talabijin ce da masu sinima. Kamfanin Sony ya fito da tsarin HDCAM a 1997 don ƙwararru. A 2003 kamfanoni huɗu, JVC da Sony da Canon da Sharp, suka amince da tsarin HDV, wanda ya ba da damar ɗora hoton HD a kan ɗan ƙaramin kaset na MiniDV da masu ɗaukar biki suka riga suka sani. Daga nan aka fara rubuta harufa biyun nan a jikin babba da ƙarama, mai saye ya ɗauka sun zama ɗaya.

Ba su zama ɗaya ba, domin yawan ɗigo abu guda ne cikin abubuwa da dama. Akwai girman allon da ke karɓar haske a cikin kamara. Na manyan kamarorin talabijin na wancan zamani biyu bisa uku na inci ne, na matsakaita ɗaya bisa uku, na wasu ƙananan ma ɗaya bisa shida. Haske kamar ruwan sama yake: wanda ya tara ƙwarya da wanda ya tara ludayi, idan ana mamako duk za su samu, amma idan yayyafi ne mai ludayi zai koma da ƙishirwa. Shi ya sa ƙaramar kamara kan yi kyau a fili da hantsi, amma da an shiga ɗakin tsohuwa mai taga ɗaya sai hoton ya cika da ƙura-ƙura. Akwai kuma gilashin ido, wanda a manyan kamarori ake cirewa a sauya, har wani gilashin ya fi ƙaramar kamara sukutum tsada.

Sannan akwai matse hoto. HDV yana ajiye megabit 25 ne a daƙiƙa, HDCAM kuwa kusan 140. Don hoton ya shiga ɗan wurin nan, na'urar kan ajiye cikakken hoto guda, sannan a hotunan da ke biye ta rubuta abin da ya sauya kawai, kamar ɗalibin da ke taƙaita darasi. Idan dattijo ne zaune yana ba da tarihi, kusan ba a ganin bambanci. Amma a filin kokawa, inda ƙura ke tashi, ƴan kallo na tsalle, makaɗa na juyi, komai yana sauyawa lokaci guda, sai taƙaitawar ta gaza, hoton ya farfashe gida-gida.

Duk da haka, misalin da ya fi koyarwa shi ne na wasu kamarori biyu ƴan gida ɗaya. A ƙarshen 2004 Sony ya fito da HDR-FX1 don jama'a, a farkon 2005 ya fito da HVR-Z1 don ƙwararru. Gilashinsu ɗaya, allunansu na haske ɗaya, tsarin ajiyarsu na HD ɗaya. Abin da aka ƙara wa ta biyun shi ne mashigar makirifo irin ta ma'aikata, da lissafin lokaci na masu tace fim, da ƙarin hanyoyin sarrafa launi da buɗe wuraren duhu. Ma'ana, kuɗin da ƙwararre ya ƙara bai saya masa ɗigo ko ɗaya ba. Abin da ya saya shi ne ikon yanke shawara da kansa. A nan ne zancen na'ura ya koma zancen ɗabi'a.

Riga ko fuska

A dubi dattijo da ya fito sallar Juma'a a Dungas a watan Afrilu, sanye da farar babbar riga da rawani, rana tana tsaka. Idon ɗan Adam yana ganin zaren adon rigar, yana kuma ganin tsagen fuskar da murmushin da ke cikinta, duk a kallo ɗaya. Kamara ba ta da wannan baiwa. Tazarar da take iya ɗauka tsakanin mafi haske da mafi duhu tana da iyaka, ta ƙaramar kuwa ta fi ƙunci. Idan aka rage ƙofar haske don rigar ta fito, fuska sai ta zama inuwa. Idan aka buɗe don fuska ta fito, riga sai ta ƙone ta zama farin fili. Dole a zaɓa.

Ƙaramar kamara, idan aka bar ta a kan sarrafa kanta, ita ke zaɓa. Tana auna hasken wurin gaba ɗaya ta ɗauki matsakaici, kuma tun da riga da sararin sama da farar ƙasa sun rinjayi fuska yawa, sai fuska ta faɗi. Duk wanda ya taɓa kallon kaset na bikin aure ya san wannan: shadda da atamfa suna sheƙi, masu sanye da su kuwa sai an ce wannan wane ne. Ƙwararre yana da makunnin ƙofar haske a yatsansa, yana da gilashin rage zafin rana, yana iya roƙon dattijo ya matsa ƙarƙashin bedi, ko ya sa yaro ya riƙe farin ƙyalle ya maido haske a fuskar. Idan ya bar fuskar ta ɓace, ba shi da wanda zai ɗora wa laifi.

To amma a lura, ita ma na'urar da ake cewa ta zaɓa da kanta, wani ne ya zaɓar mata tun a masana'anta. Tarihin ɗaukar hoto ya nuna haka. Tun shekarun 1950 kamfanin Kodak ya riƙa raba wa masu wankin hoto wani kati na gwaji da ake kira Shirley, mai ɗauke da hoton Baturiya, a kansa ake daidaita launi. Wata mai bincike ƴar Kanada, Lorna Roth, ta nuna a 2009 cewa cikin abubuwan da suka sa aka gyara fim don ya riƙa bambanta launuka masu duhu har da koken masu sayar da cakulan da kayan katako, waɗanda hajarsu ba ta fitowa da kyau a talla. Katin gwaji mai ɗauke da mata masu launin fata daban-daban sai a tsakiyar shekarun 1990 ya fito. A ɗaya gefen, kamfanin Transsion na ƙasar Sin, mai wayoyin Tecno da itel da suka cika kasuwannin Magarya da Dungas, ya samu karɓuwa a Afirka da dalilai da suka haɗa da daidaita kamarar wayarsa don baƙar fata. Wayoyin zamani da yawa kuma suna da tsarin ƙawata fuska, mai goge tabo da tamoji, wani lokaci har ya haska fata. Tsohuwar da aka ɗauka da irin wannan tsari tana iya fitowa tas, amma ba da fuskar da jikokinta suka sani ba.

Ashe babu hoton da ba zaɓi a cikinsa. Ko dai mai ɗauka ya zaɓa da saninsa, ko ya miƙa wuya ga zaɓin wani injiniya da bai taɓa jin sunan Dungas ba. Kuma mai zaɓe shi ke ɗaukar alhaki.

Tsabta da gaskiya

Idan tsabtar hoto ita ce ma'aunin daraja, da fim ɗin Hausa bai rayu ba. Turmin Danya, wanda ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar a Kano a 1990, kuma ake lissafa shi a matsayin mafarin kasuwar fina-finan bidiyo na Hausa, a kaset na VHS ya zo, hoton da bai kai ko na talabijin ba. Haka aka kalli Sangaya a 1999 da Wasila a 2000 a gidajen kallo daga Kano har Magarya da Damagaram, sau da yawa a kaset da aka kwafa daga wani kwafin. Jama'a ba su juya baya ba, domin sun ji harshensu, sun ga zaure da tsakar gida irin nasu. Abin da ya riƙe su shi ne sun gane kansu.

Jean Rouch, Bafaranshen da ya fara zuwa Nijar a 1941 a matsayin injiniya, ya kuma rasu a haɗarin mota kusa da Birnin Ƙonni a 2004, da tsohuwar kamara Bell & Howell mai milimita 16 ya fara aiki. Wani ake yi mata kamar agogo, kuma ba ta kai rabin minti sai ta tsaya. A tafiyar da ya yi cikin kwalekwale a kogin Isa tsakanin 1946 da 1947 ya rasa mazaunin kamarar mai ƙafa uku, dole ya riƙe ta a hannu. Wannan rashi ya sa ya shiga cikin mutane yana tafiya tare da su, kuma daga baya masu sinima na Faransa suka yi koyi da salon. A hannunsa Umaru Ganda ya fara fitowa a fim, shi ne kuma ya ci babbar kyautar FESPACO ta farko a Wagadugu a 1972 da Le Wazzou polygame. Mustafa Alasan, wanda ya zauna a Tawa ya rasu a 2015, da zane da ƴan tsana da ƙaramin kayan aiki ya yi fina-finan da aka san Nijar da su a duniya.

Hoto marar tsabta yana iya zama shaida ma. A watan Maris na 1991, a birnin Los Angeles na Amurka, wani mutum ya ɗauki ƴan sanda suna dukan wani baƙar fata mai suna Rodney King, da dare, daga barandar gidansa, da ƙaramar kamarar gida. Hoton yana rawa, yana duhu, amma duniya ta gani. Sai dai ƙarshen labarin yana da darasi na biyu. A shari'ar 1992 lauyoyin ƴan sandan sun riƙa tsayar da hoton ɗaya bayan ɗaya suna fassara kowane motsi yadda ya dace da su, masu taya alƙali hukunci suka wanke su, gari ya kama da wuta. Hoto ɗaya, fassara biyu. A nan gani bai kori ji ba. Jin ne ya ja ganin inda yake so. Hangen Dala ba shiga birni ba ne: hoto yana nuna abin da ya faru a gaban gilashi, amma ba ya faɗin abin da ya gabata, ko abin da ke bayan mai ɗauka, ko dalilin da ya sa aka juya nan aka bar can. Ƙarin ɗigo ba ya cike wannan giɓi, sai dai ya ƙara wa mai kallo jin cewa ya gani da idonsa, wanda kan rage masa tambaya.

Shekarar 2005 da zancen sutura

Mutanen wannan yanki sun san ƙarfin babbar kamara a jikinsu. Bayan ƙarancin ruwa da farmakin fara na 2004, abinci ya yi tsada a 2005, tamowa ta kama yara a jihohin Maraɗi da Damagaram da Tawa. An yi ta kiran agaji watanni, abin da ya zo kaɗan ne. A watan Yuli tashar BBC ta nuna hotunan yara daga Maraɗi, sauran tashoshi suka biyo, taimako ya fara kwarara. Jan Egeland, jami'in agaji na Majalisar Ɗinkin Duniya a lokacin, ya fito fili ya koka cewa duniya ba ta farka ba sai da ta ga hotunan yara suna mutuwa. A shekarar ce ƙungiyar likitoci ta MSF ta fara aiki a Magarya, lokacin Dungas tana ƙarƙashin Magarya, kafin ta zama gunduma mai zaman kanta a 2011. Ba mai adalcin da zai musa cewa waɗannan hotuna sun ceci rayuka.

Amma akwai tambayar da ba a cika yi ba. Matan da aka nuna riƙe da ƴaƴansu a cibiyoyin jinya, a ranar da ta fi kowace muni a rayuwarsu, su nawa aka tambaya? Su nawa suka san inda hoton zai je, da shekarun da zai yi yana yawo? Yaron da ya rayu a cikinsu yanzu ya haura shekara ashirin, wataƙila magidanci ne, amma a taskar hotuna ta duniya har yanzu ƙashin haƙarƙarinsa ake ƙirgawa. Kyawun kamarar ne ya sa ake iya ƙirgawar. Tsabtar da ta motsa zuciyar mai bayarwa ita ce ta yaye suturar mai karɓa. Bahaushe yana ɗaukar rufin asiri a cikin manyan ni'imomi, har addu'a ake yi da shi, kuma mai kyauta na ƙwarai shi ne wanda ya bayar ba tare da ya tona ba. Tun 1965 Usman Semben, ɗan Senegal, ya zargi Rouch da sauran Turawa masu nazarin Afirka da cewa suna kallon mutane kamar yadda ake kallon ƙwari. Mai nazarin ƙwaro yana son gilashi mai ƙarfi, amma ba ya neman izinin ƙwaron.

Kada kuma a ɗauka ƙaramar kamara ta kuɓuta. Haɗarinta ma ya fi kusa, domin ba a ganin zuwanta. Babba tana zuwa da mota da igiyoyi da mutum uku, kowa ya san ana ɗauka, mai kunya ya gyara lulluɓi ko ya kauce. Waya kuwa tana hannun ɗan uwa. A 2007 wani ɗan gajeren hoton sirri da aka ɗauka da wayar salula ya fita a Kano, ya rushe rayuwar wadda ke ciki, ya kuma jawo hukumar tace fina-finai ta jihar ta dakatar da ɗaukar fim na tsawon watanni, mutane da yawa suka rasa abin yi. Hoton ba shi da wata tsabta, amma ɓarnarsa ta kai. Yau, da waya a kowane aljihu, mai haɗari a hanyar Magarya, da ɓarawon da aka kama a kasuwa, da mai tabin hankali, duk suna iya zama abin kallon dubban mutane kafin a kira magariba. Wanzami ba ya son jarfa: kaɗan ne cikin masu ɗaukar za su yarda a yi musu haka.

Ƙalubale da amsarsa

Mai karatu zai iya cewa: in haka ne, a bar zancen inganci, kowa ya ɗauka da abin da ya samu muddin niyyarsa mai kyau ce. Wannan ma kuskure ne, kuma masu son ƙwararre a waccan ƙungiya suna da gaskiya a nan. Kyautata aiki yana cikin girmama wanda ake yi wa aikin. Idan tsohuwa ta amince ta rera waƙar niƙa da ba ta rera ba shekara talatin, sannan aka koma gida aka tarar iska ta cinye muryarta, fuskarta kuma duhu ce, an ci amanarta ta hanyar sakaci. Ɗalibin da zai so koyon yadda yatsun makaɗi ke matsa tsirkiyar kalangu, ko yadda masaƙi ke jefa ƙoshiya, yana bukatar hoto mai fitar da ƙananan abubuwa. Kuma ga mai adana adabin baka, sauti ya fi hoto muhimmanci: masu son waƙoƙin Ma'azu Ɗan Alalo na Damagaram, wanda ya rasu a 2002, suna iya haƙura da kowane irin hoto, amma ba za su haƙura da baitin da ba a ji ba. Makirifo mai kyau da aka kai kusa da baki ya fi ƙarin ɗigo miliyan amfani.

Ingancin ma yana da fuska ta biyu, wato ɗorewa. Kaset na VHS da na MiniDV da aka ɗauka shekaru ashirin da suka wuce suna lalacewa cikin zafi da ƙura, na'urorin kunna su kuma an daina ƙera su. Katin waya yana ɓacewa, waya tana faɗawa ruwa. Hoton da ba a kwafa aka ajiye a wuri biyu ko uku ba, aka kuma rubuta sunan mai magana da garinsa da ranar ɗauka, ko da kamarar sarakuna aka ɗauke shi, guzuri ne a jakar da ta huje.

Don haka tsabta tana da matsayinta, matsayin mai hidima. Ana neman ta gwargwadon abin da za ta yi wa wanda ke gaban kamara da wanda zai kalla daga baya. Inda ta taimaka a ga fuskar dattijo, a neme ta da duk ƙoƙari. Inda za ta tona abin da mai shi ke son rufewa, a ja da baya, ko a kashe na'urar. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.

Darasin Ayoru

Akwai wani abu da ya faru a yammacin ƙasar nan da ya kamata kowace ƙungiyar al'adu ta sani. Rouch ya ɗauki Sarkawan Ayoru suna farautar dorina a kogin Isa, ya kai Faransa ya tace, ya sa kiɗa a ƙarƙashin wurin farautar don ya motsa masu kallo. A 1954 ya komo Ayoru da majigi ya nuna musu. Masuntan suka kalla, suka gane kansu, suka kuma ƙi amincewa da kiɗan. Hujjarsu ita ce farautar dorina cikin shiru ake yin ta, kiɗa kuwa ƙarfin zuciya zai ba dorinar. Rouch ya karɓi gyaran, ya cire kiɗan, kuma daga nan ya mayar da nuna wa mutane hotonsu wani ginshiƙi na aikinsa. Mutanen da ba su taɓa riƙe kamara ba sun gano kuskuren da ƙwararrun Paris ba su gani ba. Fim ɗin ya ƙaru da gaskiya a daren nan, alhali ba a sauya gilashi ko ɗigo ɗaya ba.

To, ina aka kwana game da ƙungiyar Dungas? Shawara mafi kusa da hankali ita ce ta haɗa ra'ayoyin biyu ta wata hanya dabam: ta kira ƙwararren, amma kwana ukun nasa su tafi wajen koyar da samari da ƴan mata na garin yadda ake sarrafa haske da hannu, da inda ake tsayar da mai magana, da yadda ake kai makirifo kusa. Abin da ya rage na kuɗi a sayi matsakaiciyar kamara wadda ke barin mutum ya zaɓa da kansa, da makirifo, da mazauni, da wurin ajiya biyu. Sai kuma ƙa'idojin da ba su cin ko dala: a yi sallama kafin a kunna, a faɗa wa tsohuwa inda muryarta za ta je, a karɓi "a'a" ba tare da ɓacin rai ba, a komo a nuna mata kafin a nuna wa kowa. Idan ta kalla ta ce, "Ɗan nan, cire wurin can, ban so a ji shi ba," a amsa da "To, Inna," a cire, ko da shi ne wurin da ya fi kyau a duk aikin.

Malaman makaranta kuwa suna da nasu kaso. Ɗaliban kwaleji na yau suna ganin hotuna a rana guda fiye da yadda kakanninsu suka gani a shekara. Kamar yadda ake koya musu tambayar rubutu, wa ya rubuta, don wa, da wace manufa, haka ya kamata a koya musu tambayar hoto: wa ya riƙe kamarar, me ya bari a waje, kuma wanda ke ciki ya sani? Ana iya fara darasin a farfajiyar makaranta da waya ɗaya, da ɗalibi mai farar riga, da rana tsaka. A ce wa ajin su ɗauke shi, sannan a duba tare a ga abin da ya tsira, rigar ko fuskar, a kuma tambaye su wa ya zaɓa.